Yadda ake zaɓen gadon jariri na gefen gado, da yadda ake kwantar da jinjiri a cikinsa lafiya

Daren da aka sallamo ƙanwata daga asibiti, bayan an yi mata tiyata an ciro ɗanta na fari, ni na kwana a ɗakinta. Duk lokacin da yaron ya motsa, sai ta dafa bango, ta cije leɓe, ta jima kafin ta iya miƙewa zaune, sannan ta ja ƙafa zuwa gadonsa da aka ajiye can kusa da sif. Wajen ƙarfe uku na dare ƙarfinta ya ƙare. Ta ce, "Yaya, miƙo min shi kawai ya kwana a nan." Na dubi gadon nata: ga matasan kai har huɗu, ga bargo mai nauyi, ita kuma ta sha maganin ciwo mai kashe jiki. Ban miƙa mata shi ba. Na zauna da shi ido biyu har aka kira asuba, kuma da gari ya waye muka shiga neman ɗan gadon nan da ake jinginawa da gadon uwa.

Ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba, ƙaramin gado ne mai ƙafafu da ake iya ƙara musu tsawo ko a rage. Gefensa ɗaya yana sauka, ana kuma ɗaure shi da babban gado da igiyoyi, ta yadda jinjiri yana kusa da hannun uwarsa amma a kan tasa shimfiɗar. Amfaninsa ke nan gaba ɗaya: kusanci ba tare da haɗa makwanci ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata 6 na farko, amma a nasa gadon, domin hakan na iya rage haɗarin mutuwar jarirai ta ba-zata cikin barci da kusan rabi. Irin wannan mutuwa ta fi aukuwa tsakanin wata 1 zuwa wata 4, kuma kashi 90 cikin 100 kafin wata 6 take faruwa. Wato daidai lokacin da wannan gado yake aiki.

Na san mu a cikin jikin iyayenmu mata muka kwana muna jarirai, kuma ba zan zo in ce ba su san abin da suke yi ba. Amma tabarma ko gadon kara ba ɗaya suke da katifar soso mai inci 12 da ke lotsawa da mutum ba. Makwancinmu ya canja, dole lurarmu ta canja da shi.

Kafin ki je kasuwa, auna gadonki

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kada ki yarda da ido, ɗauko tef irin na tela. Auna daga ƙasa zuwa saman katifarki, ki rubuta da santimita. Kowane gadon gefe yana da iyakar tsawon da yake kaiwa da iyakar da yake sauka, kuma an rubuta a jikin kwali. Idan gadonki ya fita daga wannan iyaka, wannan samfurin ba naki ba ne, komai kyansa.

Sannan ki durƙusa ki dubi gefen gadon. Nan ne mu muka sha wahala. Gadon ƙanwata irin na kayan ɗakin amare ne, katakonsa ya fito ya zarce katifa da kusan faɗin tafin hannu. Gadon jariri na farko da aka kawo mana, da muka tura shi sai ya daki katakon ya tsaya, aka bar rami tsakanin katifa da gadon yaro. Wannan ramin shi ne mafi haɗarin abu a duk maganar nan. Jinjiri kan iya zamewa ya faɗa ciki, fuskarsa ta manne da katifa, kuma ba shi da ƙarfin wuyan da zai ɗago kansa. Muka mayar da shi shago. Don haka ki duba: katakon gadonki ya zarce katifa? Akwai durowa a ƙasa da za ta hana ƙafafun gadon jariri shigewa ƙarƙashi? Akwai inda igiya za ta ratsa ta kama? Wasu samfuran ƙafafunsu suna naɗewa don irin gadon da ya toshe har ƙasa. Idan naki irinsa ne, ki nemi mai naɗewar.

Wadda kuma take kwana a kan katifa a ƙasa, gadon gefe ba zai ɗauru ba. Ba matsala. Ki ajiye ƙaramin gado mai gefe huɗu a tsaye kusa da ke, ko kwandon jarirai mai lebur ɗin gindi da katifa mai tauri daidai girmansa. Kada a raina wannan. A ƙasar Finlan tun 1938 gwamnati ke ba masu jego kwali cike da kayan jarirai, da 'yar katifa a gindinsa, jarirai da yawa kuma a cikin kwalin suka yi barcinsu na farko.

A shago: ki taɓa, ki girgiza, ki danna

Ki tafi da tef ɗinki. Idan ba ki da halin fita, maigida ya je da wannan bayanin a wayarsa, kuma kada ya yarda a ba shi kwali a rufe. A sa mai shago ya haɗa gadon a gabansa.

Fara da katifa. Danna tsakiyarta da tafin hannu, sannan ki ɗaga. Ya kamata ta yi tauri ta dawo nan take, kada shatin hannunki ya zauna. Abin da babba yake ji kamar ya yi tauri da yawa, shi ne daidai ga jinjiri, domin katifa mai laushi tana lotsawa ta rufe masa hanci da baki. Sai ki tura katifar ta manne da gefe ɗaya, ki sa yatsu a ɗaya gefen. Idan fiye da yatsa biyu sun shige, ta yi wa gadon kaɗan.

Gefunan gadon, ki fi son masu raga. Iska na ratsawa, kuma kina iya ganin fuskarsa daga inda kike kwance. Ki ja ragar ki ga ɗinkinta, kada a samu inda ta yage ko ta saki. Idan kuma mai sanduna ne, tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 6. Ya fi haka, jikin jinjiri na iya zurarewa kansa ya maƙale.

Yanzu sai gefen da ke sauka, wanda ya kamata ki fi daɗewa a kansa. A Turai akwai ƙa'idar da ake kira EN 1130, wadda aka sabunta a 2019, kuma ta wajabta cewa ko an sauke gefen, sai wata 'yar katanga mai aƙalla santimita 12 ta rage a tsaye, don kada yaro ya mirgino kan gadon uwa. Tsoffin samfura da yawa suna buɗewa gaba ɗaya, wasu kuma suna naɗewa rabi. A 2015 a Ingila, wata jaririya 'yar mako 7 ta rasu a cikin irin mai naɗewa rabin, wanda iyayenta suka samu na hannu: wuyanta ne ya hau kan bakin gefen da aka bari a rabi, numfashi ya yanke. Saboda haka ki nemi rubutun EN 1130:2019 a jikin gadon ko kwalinsa, ko kuma ASTM F2906 idan kayan Amurka ne. Rubutu a kwali ba ya hana jabu, shi ya sa sai kin haɗa da gwajin hannu: ɗaga gefen, sauke shi, ki ji ya kama da ƙara, sannan ki danna shi da ƙarfi ki ga ko zai zame da kansa.

Za a nuna miki wani abu a matsayin ƙarin daraja, wai ana iya karkata gadon, kan yaro ya yi sama saboda tumbuɗi ko mura. Ki bar shi a miƙe. Nauyin kan jinjiri ya fi ƙarfin wuyansa. Idan makwanci ya karkata, haɓarsa kan faɗo kan ƙirji ta matse hanyar numfashi, ko kuma ya zame ya dunƙule a ƙasan gado. A 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye makwancinsa mai karkata da ake kira Rock 'n Play, guda miliyan 4.7, bayan rasuwar jarirai fiye da 30. A 2022 kuma Amurka ta kafa dokar da ta haramta sayar da makwancin jarirai da karkatarsa ta wuce digiri 10, tare da sosan nan da ake zagaye cikin gado da shi. Abin da ke damuna shi ne, kayan da aka haramta a can ba ɓacewa suke yi ba, wasunsu cikin dilar gwanjo suke biyo hanya. Idan kin ga ɗan makwanci mai kama da kujerar lilo, mai laushi, an ce na barci ne, ki wuce shi.

Gwanjo a kan kansa ba laifi ba ne, kuɗin sabo ba kowa ke da shi ba. Amma sharuɗɗa uku: igiyoyin ɗaurinsa na asali su zo tare da shi, babu noti ko ƙarfen da ya ɓace aka maye gurbinsa da waya, kuma ki samo littafin bayaninsa, wanda galibi ana samu a intanet idan aka rubuta sunan samfurin. Katifa kuwa ki sayi sabuwa daidai awonsa. Tsohuwa ta riga ta lotsa, ta sha fitsari da tumbuɗi, kuma kuɗin cizo na iya zama a ɗinkinta. Gado mara igiya, ki ɗauke shi a matsayin gado mai zaman kansa, gefe huɗu a ɗage, kada ki taɓa sauke gefen.

Ga mai son ba wa kafinta, shawarata kada a ce ya kwaikwayi gefe mai sauka, domin maƙullin wurin yana buƙatar awon da ba a samu da ƙiyasi. A ce ya yi ƙaramin gado mai gefe huɗu a kafe, sanduna da tazarar da na faɗa, gindi lebur mai ƙarfi, babu ƙusar da ta leƙo, babu ado mai tsini a kusurwa da riga za ta iya sarƙewa. A goge katakon sumul. Fenti kuma a yi hattara, akwai dalma a cikin wasu fentin mai, kuma wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Barin katakon ba fenti ya fi mini kwanciyar hankali. A yi shi tun cikin yana wata bakwai, ya sha iska warin gam ya fita.

Haɗawa da ɗaurewa

A yi wannan da rana, mutum biyu, tun kafin haihuwa idan da hali. Ba aikin daren suna ba ne.

A haɗa gadon bisa littafinsa, a ɗaure kowane noti, a girgiza shi. Kada ya yi rawa. Sannan a daidaita tsawo, kuma a tabbata ƙafafun biyu suna kan lamba ɗaya, don wani lokaci akan manta ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ƙa'idar tsawon ita ce: saman katifar uwa ya yi daidai da bakin gefen da aka sauke, ko ya ɗan fi shi tsawo. Bakin gefen kada ya tsere wa katifar uwa. Ma'ana, jinjiri zai kwanta ƙasa kaɗan da ke, kamar a cikin ɗan akwati. Mutane da yawa suna ƙoƙarin daidaita katifar yaro da ta uwa su zama shimfiɗa ɗaya. A sabbin samfura masu 'yar katanga ba haka ake yi ba.

A tura gadon ya manne. A zura igiyoyin ta ƙarƙashin katifar uwa zuwa ɗaya ɓangaren, ko a zagaya su a jikin katakon gado, gwargwadon yadda littafin ya nuna, a ja su har sai sun ƙi jawuwa. Ragowar igiyar da ke lilo a naɗe ta a tura ƙarƙashin gado. Idan akwai taya, a taka birki.

Sai gwaji. Ki kwanta a inda za ki riƙa kwana, ki juya, ki tashi zaune a bakin gado, wani kuma yana kallon mahaɗar. Katifar soso tana lotsawa idan an hau ta, kuma ramin da ba a gani ba da gado ba kowa sai ya buɗe. Ki ja gadon jaririn da hannu kamar za ki raba su. Littattafan bayani da yawa sun ce tazarar kada ta wuce santimita 2. Ni dai burina kada ko yatsa ya shiga. Idan ramin ya ƙi rufuwa, kada ki cusa zani, tawul ko filo don cike shi, domin su ma abin toshe numfashi ne. Ki ɗage gefen, ki yi amfani da shi a haka. Har yanzu yaronki yana kusa da hannunki.

Ki dubi kewaye. Igiyar labule, wayar caja, wayar fanka, carbi da aka rataye a kan gado, duk a nisanta su. Kada gadon ya zauna ƙarƙashin kanta mai kaya, ko daf da taga inda rana ke dukansa da hantsi. Kuma igiyoyin nan suna saki a hankali, musamman bayan an ɗaga katifa an canja zanin gado. Ki mayar da jan su al'ada kowane dare kafin ki kwanta.

A rigingine, kuma gadon wayam

Wannan ne wurin da aka fi samun saɓani a gida, don haka zan faɗi yadda muka yi da mahaifiyarmu. Ranar da gadon ya zauna, ta shigo ta ga yaron kwance a rigingine a kan katifa da zanin shimfiɗa kawai. Ranta bai so ba. Ta ɗauko ɗan filo mai zanen fure da aka kawo cikin kayan barka, da shawul mai gashi. Ta ce, "Haba, kamar maraya? Ku sa masa matashi mana, ku juya shi gefe. Idan ya yi tumbuɗi a haka ai sai ya shaƙe."

Na ce, "Inna, tsoron da kike ji shi nake ji. Bari in nuna miki." Na sa yatsa biyu a wuyana, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Hanyar iska tana gaba, hanyar abinci tana bayanta. Idan yaro yana rigingine, hanyar iska ce a sama, nonon da ya dawo kuma nauyinsa yana mayar da shi ƙasa, cikin hanyar abinci, ya haɗiye ko ya fito ta gefen baki. Idan yana rub da ciki, abin ya juye, nonon yana taruwa a bakin hanyar iska. Kwanciyar gefe kuma ba ta zama. Ɗan motsi kaɗan ya kifa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah Ya raya." Filon dai ya koma cikin akwati.

Wannan ba ra'ayina ba ne. Birtaniya ta fara gangamin kwantar da jarirai a rigingine a 1991, Amurka ta fara nata a 1994, kuma a ƙasashen biyu mutuwar ba-zata cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Kowane barci ne, dare da rana, ko a hannun wa yake. Ki faɗa wa kowa da zai riƙe miki shi: kaka, gwaggo, 'yar aiki.

Abin da ya halatta a cikin gadon shi ne katifarsa, da zanin shimfiɗa mai roba a baki wanda ya kama ta tsam, da yaron. Ba filo, ba 'yar tsana, ba sosan zagaye, ba ƙarin katifa ko bargon da aka ninka don laushi, ba abin tokare shi don kada ya juya. Idan za ki sa robar fitsari, ta kasance mai kama katifa a ƙarƙashin zani, ba buɗaɗɗiyar leda ba. Duk abin da aka rataya masa a wuya, sarƙa ko laya ko zaren abin tsotso, a cire kafin barci. Idan sai an lulluɓe shi, ƙafafunsa su taɓa ƙarshen gado, zani mara nauyi ya tsaya a ƙirji, hannaye a waje, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta gefe uku. Mai naɗe jariri a zani kuma ta daina da zarar ya fara yunƙurin juyawa.

Masu tsoron kada ƙeyarsa ta baje, maganin yana cikin farke: ki riƙa kifa shi a kan ƙirjinki ko a kan shimfiɗa na 'yan mintuna idonsa biyu, naki ma biyu. Goyo ma yana hutar da ƙeya.

Sauro, zafi da hunturu

Littafin da ya zo da gadon ba zai yi miki maganar sauro ba, alhali a wurinmu ita ce kan gaba. Najeriya kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma ƙananan yara ya fi kashewa. Dole jinjiri ya kwana cikin gidan sauro mai magani. Hanya mafi sauƙi ita ce babban gidan sauro da aka rataye daga sama ya lulluɓe gadajen biyu tare, bakinsa ya sauka ta bayan gadon jariri, a miƙe, nesa da fuskarsa da hannunsa. Abin da ba a so shi ne gidan sauron ya ratso tsakaninki da shi yana lilo, ko ya yi ciki ya sauko masa a fuska. Idan naki bai kai girman ba, ki ɗage gefen gadonsa, ki kafa masa nasa a kan sandar da za ta riƙe shi a miƙe. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a rataya. Maganin sauro na kunnawa kuwa, hayaƙinsa bai dace da huhun jinjiri ba, haka fesa fiya-fiya a ɗakin da yake kwance. Turaren wuta ma a yi shi lokacin da ba ya ɗakin, a bar hayaƙin ya fita. Mai shan taba ya sha a waje, nesa.

Zafi fiye da kima yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar cikin barci. A Birtaniya ana ba da shawarar ɗaki ya kasance tsakanin digiri 16 zuwa 20, mu kuwa a Kano ko Maraɗi watan Afrilu rana takan wuce 40. Don haka abin da ke hannunki shi ne sutura. Lokacin bazara, famfas da 'yar shimi sun isa. Fanka ba laifi, ta dai riƙa kaɗa ɗakin, kada a saita ta a kansa. Kada ki auna zafinsa ta taɓa tafin ƙafarsa ko hannunsa, waɗannan kullum da ɗan sanyi suke. Ki sa hannu a ƙirjinsa ko bayan wuyansa: idan da gumi ko zafi, rage kaya. Hula a cikin ɗaki lokacin barci a bar ta, ta kai jariri yake fitar da zafi, kuma tana iya zamowa ta rufe fuska. Bakwaini ne kawai za ki bi abin da ma'aikatan asibiti suka tsara masa.

Da hunturu kuma, ki ƙara masa riga ɗaya a kan adadin da ke kike sawa, mai haɗe da wando da safa, maimakon bargo. Sannan ina roƙo da babbar murya: kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don ɗumama maijego da jariri. Garwashi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci mai nauyi, daga nan sai a wayi gari da abin da ba a so. Haka janareta, a ajiye shi a fili nesa da taga da ƙofa.

Shayarwar dare

Nan ne gadon yake biyan kuɗinsa. Yana motsi kina ji, kafin ya kai ga kuka kin jawo shi. Shayarwa da kanta tana rage haɗarin da muke magana, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6. Ki shayar da shi, ki sa ya yi gyatsa, ki mayar da shi a rigingine kafin barci ya ɗauke ki.

Amma barci ɓarawo ne, maijego kuma a gajiye take. Don haka ki shirya gadonki tun kafin dare kamar za ki yi barcin da shi a hannu: ture filo da bargo nesa da ɓangaren da yake, kada wani yaro ya kwana a wurin. Idan kin farka kin gan shi a jikinki, ki mayar da shi, shi ke nan. Abin da za ki guje wa shi ne tashi ki koma kan kushin don kada ki yi barci. Gidauniyar Lullaby Trust ta Birtaniya ta ce yin barci da jariri a kan kujerar kushin na iya ninka haɗarin har sau 50. Kuma akwai dararen da ko kusa bai kamata ya kwana a gadonki ba: idan kin sha maganin da ke sa barci, idan ke ko maigida kuna shan taba, ko idan an haife shi kafin mako 37 ko nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba.

Bargonki ma ki lura da shi, kada gefensa ya zubo cikin gadon yaro. Duk lokacin da za ki bar ɗakin, ko da alwala za ki yi, ɗage gefen ki ji ya kama. Yayyensa ƙanana suna son leƙa ƙaninsu, su jefa masa abin wasa ko su rataya a jikin gadon; a ja musu kunne, a kuma hana kyanwa shiga.

Idan kin auna zafin jikinsa kin ga ya kai digiri 38, ko yana numfashi da sauri har sau 60 ko fiye a minti ɗaya yana kwance shiru, ko ƙirjinsa na lotsawa, ko leɓensa ya canja launi, ko ya ƙi kama nono, ba maganar gyaran kwanciya ba ce. A tafi asibiti a daren.

Ranar da za a kwance shi

Yawancin waɗannan gadaje an yi su ne don kusan wata 6 ko nauyin kilo 9, amma ki duba abin da naki ya rubuta. Sai dai yaron ne zai fara gaya miki. Ranar da kika ga ya fara mirginawa, ki daina sauke gefen. Ranar da ya dafa hannu da gwiwa ya ɗago, ko ya fara zama, ko ya kama bakin gadon yana jan jikinsa, zamansa a ciki ya ƙare ko da watansa huɗu ne, domin gadon ba shi da zurfin da zai tare shi. A mayar da shi babban gadon yara mai dogayen sanduna, a cikin ɗakinki dai, da sharuɗɗan nan na katifa mai tauri da gado wayam har ya shekara. Wanda ya iya juyawa gaba da baya da kansa, ki kwantar da shi a rigingine, idan ya juya ki ƙyale shi.

Ɗan ƙanwata a wata biyar ya kama bakin nasa ya leƙo. A ranar muka kwance gadon, muka wanke ragar da ruwan ɗumi da sabulu muka shanya. Igiyoyin da notunan da littafin bayanin muka zuba a jaka ɗaya, muka ɗaure ta a jikin ƙafar gadon, don wadda za ta karɓa a gaba ta same shi cikakke. Katifar ce kawai ba mu haɗa mata da ita ba, mun rubuta mata awonta a bangon littafin don ta sayi sabuwa.